Ragon da Aka Ɗaure a Ƙofar Kotu

An ce wai a wani gari da ke bakin kogi an yi wani alƙali, Malam Mu'azu, mutum mai jinkirin magana, wanda bai taɓa gaskata kowa a ranar farko ba, ko da kuwa mutum ya zo masa da hawaye shaɓe-shaɓe. Mutanen garin suna girmama shi, amma ba mai ɗokin zama a gabansa.

Wata Litinin sai ga wata mata mai suna Uwani ta kawo ƙarar ƙanen mijinta, Gambo. Mijin ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar 'ya ɗaya, Hindatu, mai shekara goma. Abin da yarinyar ta samu a gado shi ne wata fadama da ake noman albasa, kuma Gambo ne ke riƙe da ita a matsayin waliyyin marainiya.

Hindatu tana wata makarantar kuɗi ce mai doguwar katanga da mota ruwan ɗorawa mai ɗaukar yara. Cikin shekara biyu makarantar ta ƙara kuɗi sau uku, kowane ƙari da wasiƙarsa mai daɗin baki. Uwani ta sayar da 'yan kunnenta, ta sayar da keken ɗinkinta, har ba abin da ya rage sai fadamar. Ita so take a sayar, shi kuwa Gambo ya ce sam.

Uwani ta durƙusa ta ce, "Allah ya gafarta malam, uban yarinyar nan bai bar mini wasiyya ba sai guda, ya ce in tsaya ta yi karatu. Baffanta ba don ita yake hana sayarwa ba. Shi ke nomawa, shi ke kai albasa kasuwa, mu kuwa sai ɗan abin da ya ga dama ya aiko. Cikinsa yake karewa, wallahi."

Gambo ya zabura. "Kai, jama'a! Allah ya gafarta malam, makarantar nan ba karatu take sayarwa ba, katanga da fenti take sayarwa. Yau kuɗin riga, gobe kuɗin biki, jibi kuɗin abin da ba a ma san sunansa ba. Ɗana Nuhu yana makarantar gwamnati, me ya same shi? In aka sayar da fadamar nan, baɗi su sake ƙari, sai a sayar da me? Maman Hindatu so take dai a ce 'yarta na shiga mota."

Alƙali ya dube su ɗaya bayan ɗaya. A ransa ya ga kowannensu ya faɗi gaskiya game da ɗan'uwansa, ya ɓoye ta kansa. Sai ya ce gobe a kawo masa yaran biyu, kowa da littafinsa na aikin gida.

Washegari ya sa manya suka fita, ya zauna da yaran. Littafin Hindatu tsaf yake, kowane shafi da alamar jan biro da hatimi mai cewa aiki ya yi kyau ƙwarai. Na Nuhu kuwa ya sha miya, ya sha gyara. Alƙali ya rubuta layi ɗaya a takarda, ya ce kowannensu ya kwafe shi a tsakiyar aikin da zai miƙa wa malaminsa gobe, kada kuma ya faɗa wa kowa. Nuhu ya karanta ya yi dariya. Hindatu ta kwafe da rubutu mai kyan gaske, harafi bayan harafi, ba ta yi dariya ba, ba ta kuma tambayi komai ba. Alƙali ya lura da wannan.

Ya ɗage shari'a zuwa kwana bakwai. Da la'asar kuma aka ga an ɗaure wani ƙosasshen rago a ƙofar kotu.

Ai fa sai gari ya ɗauka. Uwani ta ce ashe Gambo ya riga ta, ya kai wa alƙali rago, shi ke nan an cuci marainiya. Gambo ya ce mai makarantar ne ya aiko don kada a ɓata masa kasuwa. Masu shayi suka ce, oho, ashe Malam Mu'azun ma yana karɓa, da ma farashinsa ne ba a kai ba. Ragon dai yana nan yana cin harawa, alƙali kuwa yana wucewa ta gefensa kamar bai san da shi ba.

Ranar da aka dawo, kotu ta cika maƙil. Ba a kai ga fara magana ba sai ga wata mata ta kutso, alli duk ya ɓata mata mayafi, littafi a hannunta. Malama Zulai ce, malamar ajin su Nuhu, wadda yara tamanin da 'yan kai ke zaune a gabanta kullum.

Ta ce, "Allah ya gafarta malam, a yi mini afuwa. Tun shekaranjiya na ga abin nan, ban samu mai riƙe mini aji ba sai yau. Wani ya sa ɗalibina ya rubuta shirme a tsakiyar lissafi, har da sunan kotu. Na matsa masa, ya ƙi faɗa. Ina so in san wanda ke wasa da littafin yaro."

Alƙali ya ce ta karanta shirmen kowa ya ji. Ta karanta: "Duk malamin da ya karanta wannan layi, ya zo kotun Alƙali Mu'azu ya karɓi rago."

Alƙali ya karɓi littafin Hindatu, ya buɗe, ya ɗaga. Ga layin nan a tsakiyar shafi, ga jan biro ya bi ta kansa, ga hatimi a ƙasa wai aiki ya yi kyau ƙwarai. Ya kira yarinyar a hankali ya ce ta karanta abin da hannunta ya rubuta. Ta ƙura wa shafin ido, leɓɓanta na motsi, ta kama kalmar farko, ta biyun ta gagare ta. Sai ta sunkuyar da kai.

Uwani ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Keken ɗinkina! Shekara huɗu a makaranta, Hindatu?" Kuka ya ƙwace mata, na baƙin ciki da kunya, domin ita ba ta yi boko ba, jan biron nan shi ne kaɗai shaidar da take dubawa.

Gambo ya fara gyara zama yana murmushi, sai Malama Zulai ta juyo. "Kai ne mahaifin Nuhu? Alhamdu lillahi, yau na gan ka. Sau uku ina aika maka. Duk lokacin cirar albasa yaron nan sai ya yi wata guda bai zo ba, ya ce kuna fadama kuna ɗura buhuna a mota. Yaro mai ƙwaƙwalwa kuke kashewa." Murmushin Gambo ya ɗauke. Buhunan da yake ce wa Uwani ba sa samuwa, ga shi an tona asirinsu a gaban alƙali.

Sai Malam Mu'azu ya yi magana. "Uwani, da wani ya zo daga makarantar 'yarki ya nemi ragon nan, wallahi da yau na sa hannu a sayar da fadama, domin malamin da ke duba aikin yaro ya cancanci a biya shi da tsada. Ban ce duk makarantar kuɗi haka take ba, akwai waɗanda suka ci guminsu. Wannan dai da kike biya, ba a karanta littafin 'yarki a cikinta. Ba za a sayar da gadon marainiya don sayen hatimi ba. Kai kuma Gambo, ka yi gaskiya game da makaranta, amma ba don Allah ka faɗe ta ba. Daga yau fadama ta bar hannunka. Za a ba da ita haya a gaban kotu, abin da ya fito na karatun Hindatu ne, a fara da fanso wa uwarta keken ɗinki. Nuhu kuma kada a sake ganinsa a fadama ranar makaranta."

Ya sa aka kwance ragon aka miƙa wa Malama Zulai igiya. Ta ce ta gode, amma da benci aka ba ta da ya fi. Sannan ta dubi Hindatu ta ce, "Share hawayenki. Hannun da ya iya rubutu haka, wata uku ya ishe mu. Ki zo gobe, ki zauna a gaba."

Uwani ta kama hannun 'yarta suka bi bayan malamar da ragonta, ba ta ko waiwayi motar ruwan ɗorawa da ta wuce su a hanya ba.

Tun daga ranar, in iyaye suka je neman shawarar Malam Mu'azu game da makaranta, abu ɗaya yake gaya musu: kafin ka tambayi nawa ake biya, ka tambayi wa zai buɗe littafin ɗanka ya karanta.