Ƙamus Ya Ƙi Goge Allo

A wata makarantar koyon aikin jinya an yi wani malamin Turanci da ɗalibai suke kira Ƙamus. Shi yake koya musu sunayen gaɓoɓi da na cututtuka da Turancin likitoci. Ya iya aikinsa, ba mai ja. Aibinsa ɗaya ne, ba ya yarda ya yi kuskure.

Wata rana darasi ya kai kan wasu kalmomi biyu masu kama da tagwaye, ɗaya tana nufin sukarin jini ya hau, ɗaya kuma ya faɗi. Garin sauri sai ya musanya ma'anarsu a allo. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu, ta ce cikin ladabi ba haka ta gani a littafi ba.

Ƙamus ya waiwayi allon, nan take ya gane ita ce da gaskiya. Amma idon ajin duk yana kansa.

"Tun kina rarrafe nake wannan aiki," in ji shi. "Yau kuma ƙwai ne zai koya wa kaza wayo?"

Ya ja layi a ƙarƙashin rubutun, ya ce kowa ya haddace.

Ba a daɗe ba aka tura ɗaliban asibiti koyon aiki. Cikinsu akwai ɗan gaban goshinsa, wanda bai taɓa shakkar maganarsa ba. Saurayin ya karanta rubutun likita a kan wani tsoho, ya ɗauka sukarinsa ne ya faɗi, ya dama masa ruwan sukari ya ba shi. Da ƙyar likitoci suka ceto tsohon. Aka dakatar da saurayin.

Shugabar makarantar ta bi diddigi, ta kira Ƙamus ofis. Ta ce ba korarsa take nufi ba, ya dai tsaya gaban aji ya ce laifin nasa ne, sai a mayar da ɗalibin.

"Ranki ya daɗe, ban taɓa sunkuyar da kai gaban yara ba, ba kuma yau zan fara ba."

A gida matarsa ta roƙe shi, ta ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ya ce to shi gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa. Washegari ya miƙa makullin ofis ya ajiye aiki, ya fito yana taku ɗai-ɗai.

A bakin ƙofa ya ci karo da saurayin, ya zo kwasar kayansa. Saurayin ya russuna ya gaishe shi kamar kullum, sannan ya ce, "Malam, abu ɗaya nake so in ji. Ranar nan, ka san ba daidai ba ne?"

Ƙamus ya kawar da kai. Ya wuce bai waiwaya ba.

Darasi: Kuskure ba ya rage wa malami daraja, ƙin gyara shi ne yake zubar da ita. Wanda yake koyar da abin da ya shafi ran mutane ya sani, girman kansa wani ne zai sha wahalarsa a gadon asibiti.