Wasiƙar da Aka Dawo Mini da Ita

Ina da 'yar ƙane mai kaifin basira, wadda ta yi shekara biyu tana koyon Italiyanci. Aibinta ɗaya ne: ba ta yarda a duba mata aiki. Ni da na shugabanci makaranta shekara talatin ba a taɓa jin sunana cikin abin kunya ba, na rubuta wa manajan wani kamfanin jimar fatu wasiƙa, na tsaya mata, aka ɗauke ta aikin fassara.

Ƙa'idar ofishin ita ce, duk takardar da aka fassara sai wani tsohon tafinta da ke wurin ya karanta ya sa hannu kafin ta fita. Wannan ƙa'ida ta tsaya mata a rai.

Wata rana manaja ya rubuta umarni da Turanci zuwa ga injiniyan da ya zo daga Italiya, cewa a ƙara sinadari kaɗan cikin ruwan da aka jiƙa fatu. A tsaye ta fassara, ko ƙamus ba ta buɗe ba.

"Kawo in gani, 'yata," in ji tsohon, yana laluben tabaransa.

"Baba, kalmar da ɗan firamare ya sani? Kafin ka gano tabaran nan an tashi aiki."

"Ni ma a kan irin ƙananan nan na taɓa yin tuntuɓe."

Ta yi dariya ta wuce da takardar ba tare da sa hannunsa ba. Ashe kalmar Italiyancin da ta zaɓa "da yawa" take nufi. Injiniya ya bi abin da ya karanta. Washegari fatu ɗari uku suka zagwanye kamar jiƙaƙƙiyar takarda, aikin wata biyu ya tafi.

Ta zo mini ido jawur. "Gwaggo, kalma ɗaya ce fa."

"Ɗaya ce," na ce mata, "kuma akwai wanda ya miƙo hannu zai duba miki ita."

Bayan kwana uku manajan, wanda tsohon ɗalibina ne, ya zo gidana. Ya gaishe ni cikin ladabi, bai ambaci fatu ba. Da zai tafi ya ajiye wasiƙata a kan tebur.

"Malama, na ga ya fi dacewa wasiƙar nan ta zauna a wurinki."

Tun daga ranar ban ƙara rubuta wa kowa irinta ba, kuma na gaji da bayyana dalili.

Darasin shi ne, komai iliminka, kada ka raina ƙaramar kalma, kada kuma ka ƙi idon wanda ya riga ka a aiki. Mai girman kai ba sunansa kaɗai yake ɓatawa ba, har da na wanda ya tsaya masa.