Tazarar Mardiyya

Akwai wata 'yar Haɗeja mai suna Mardiyya, aikinta shi ne bai wa jiragen sama umarnin sauka daga hasumiyar wani babban filin jirgi. Ba ta da yawan magana, amma in ta ce a'a, sai dai ka nemi wuri ka zauna.

A wurin aikinsu an kawo sabon tsari don jirage su riƙa sauka da yawa. Babban jirgi in ya wuce yakan bar wata guguwa a bayansa wadda ido ba ya gani, kuma tana iya kifar da ƙaramin jirgi. In iska na kaɗawa tana share guguwar, an yarda a rage tazarar da ke tsakanin jirage. In iska ta kwanta, dole a ƙara.

Wata rana ƙaramin jirgin Alhaji Bakari, wani attajirin Haɗeja, ya biyo bayan babban jirgin fasinja. Alhaji na sauri, zai makara taro. Iska kuwa ta kwanta luf.

Shugaban Mardiyya ya tsaya a kanta. "Matso da shi. Kin san wanda ke ciki kuwa?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Shi ya sa ba zan matso da shi ba."

Ta sa jirgin ya yi shawagi har hanya ta yi kyau. Alhaji ya sauka lafiya, amma ya rasa taronsa. Waya ɗaya ya buga, aka dakatar da ita, aka ce ba za ta koma ba sai ta je ta ba shi haƙuri.

Ta dawo gida ana tsakiyar ambaliya. Mahaifinta Malam Tasi'u ya zaunar da ita. "Mardiyya, haƙuri dai kalma ce. Ki je ki faɗa ki koma aikinki."

"Baba, in na ba shi haƙuri, gobe wanda zai zauna a kujerata zai ji tsoro ya matso da jirgin. Ba zan je ba."

Ta yi kuka a ɗaki, don tana son aikinta sosai. Amma ba ta je ba.

Ana nan sai aka shirya kai tallafin abinci ƙauyukan Miga da ruwa ya yanke. Jirgin ruwa mai inji ya ɗauki buhuna da masu ɗaukar hoto ya yi gaba, kwalekwale biyu na biye. Alhaji Bakari na cikin kwalekwalen farko, babbar riga ta sha guga. Mardiyya na cikin 'yan sa-kai a na baya.

Alhaji ya ga an bar shi nesa da kyamara. Ya daka wa mai tuƙi tsawa: "Kai, matsa kusa da su mana!"

Mai tuƙi ya ji tsoro, ya matsa. Jirgi mai injin na yin kwana, igiyar ruwan da ya tayar ta bugi kwalekwalen a gefe. Sai ga Alhaji tsundum, hula ta kama hanyarta ita kaɗai.

Allah ya taimaka gonar shinkafa ce, ruwan iya ƙugu. Kwalekwalen su Mardiyya, da ya bar tazara, ya iso lafiya. Ta miƙa masa sandar tuƙi ya kama.

"Sannu, Alhaji. Ni ce Mardiyya, ta hasumiya."

Ya dube ta, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Abin da ya kayar da kai yanzu, shi na hana ya same ka rannan," ta ce. "Nan ka faɗo a ruwa iya ƙugu. A sama babu iya ƙugu."

Aka dawo da Alhaji gaɓa. Da ya buɗe baki, muryarsa ta sauka. "Ki koma aikinki, 'yata. Ni zan kira su."

"Zan koma, Alhaji. Amma ka sani, ran da iska ta sake kwantawa, za ka sake jira."

Darasi: Wanda ya hana ka sauri don ya tsare ranka ba maƙiyinka ba ne, kuma kada ka nemi gafara a kan gaskiyar da ka tsaya a kai don kawai mai ƙarfi ya ji haushi. Ku tura wa duk wanda ake matsa wa ya karya doka a wurin aikinsa, ya san ba shi kaɗai ba ne.