Kurege da Taliyar Tsinke Biyu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, ga mu mun matso.

To, Kurege ne da matarsa Hansai da 'ya'yansu. Damina ta yi tsakiya, aikin gona ya sha kan kowa. Hansai da yara tun safe suna gona, sai rana ta yi ja su dawo liƙis, ga yunwa, ga tuwo ko ruwansa ba a ɗora ba. Shi kuwa gogan naku kullum bayansa ke ciwo. Amma ciwon bayan bai taɓa hana shi zuwa sansanin Sinawa masu aikin titi ba, ya haye rufin madafarsu, yana leƙe yana haɗiyar yawu.

Ran nan sai ga shi da ƙunshin taliya da wata 'yar kwalba a hammata. Kada ku tambaye ni inda ya samo, ni ma ban tambaye shi ba. Ya ce wa Hansai ta miƙe ƙafa ta huta, yau shi zai yi girki, kafin ta gama wanke taɓon ƙafarta abinci ya sauka.

Ya tafasa taliya sama-sama, ya tsane ta. Ya iza wuta har kasko ya fara hayaƙi, ya zuba man gyaɗa, ya jefa citta da tafarnuwa, sai yankakken naman kaza, sai albasa da karas da kabeji da attaruhu. Ya juya, ya juya. Ya juye taliya, ya ɗiga baƙin romon waken suya daga kwalbar. Ya juya, ya juya. Ƙamshi ya cika gida, yara suka kewaye faranti har suna gwara kai.

Sai Kurege ya ɗaga hannu ya ce, "Ku tsaya tukuna. Wannan abincin yana da doka. Da tsinke biyu ake cin sa. Duk wanda ya sa hannu, wutsiyarsa za ta guntule. Ku dubi 'yan Adam, da hannu suke ci. Kun taɓa ganin mai wutsiya a cikinsu?"

Yara suka dafe wutsiyoyinsu. Ya raba wa kowa tsinke biyu. Ashe shi ya daɗe yana koyo a bayan rumbu da tsutsar ƙasa. Yara su ɗauko, ta sulɓe. Hansai ta ɗauko, ta sulɓe. Kurege ya ɗauko, ta wuce ciki. Haka har faranti ya yi fes, yara suka kwana da jiƙon ƙanzo. Abin ya yi wa Hansai ciwo ƙwarai.

Washegari da yamma ya sake ɗora kasko. Ya juya, ya juya. Ana ajiye faranti sai aka yi sallama, sai ga Gwaggo Shamuwa, maƙwabciyarsu ta kan rimi, wadda Hansai ta gayyato a ɓoye. Kurege ya yi mata bismilla ta fatar baki, ya karanto mata doka, yana jiran ta ce ta ƙoshi.

Shamuwa ta ce, "Tsinke biyu, ɗana? Ai ni da nawa aka haife ni."

Ta zura dogon bakinta. Caf, rabin kabeji ya tafi. Caf, naman kaza ya bi shi. Kurege ya ɗauko zare ɗaya, ita ta kwashi goma. Ido ya raina fata. Ya daka wa yara tsawa su sa hannu a ceci abinci, yara suka ce su dai suna son wutsiyarsu. Ba shiri ya watsar da tsinke ya cusa hannu cikin taliya mai zafi. Yara suka leƙa bayansa, ga wutsiya nan buzu-buzu ba abin da ya same ta. Ai sai suka afka wa faranti hannu bibbiyu. Shamuwa ta ja baya ta bar musu, suka ci suka yi nak. Kurege ya tashi da ƙonannen hannu da guntun attaruhu.

Hansai ta dube shi ta ce, "Maigida, yaya zancen wutsiya?"

Ya ce ai dokar ta rana ɗaya ce, jiya ta ƙare, mantawa ya yi bai faɗa ba. Ta ce to madalla, tunda girkin ba ya cin lokaci, kuma tsayuwa gaban murhu ba ta taɓa masa baya, daga yau har a girbe gero shi ne mai abincin yamma, kuma da hannu za a ci. Kurege ya sunkuyar da kai kamar mai nadama, ya ce ya yarda, sai dai dole mai girki ya ɗanɗana gishiri.

Yara dai ba su sake kwana da yunwa ba. Amma har aka girbe gero, gishirin nan bai taɓa yi wa Kurege daidai a ɗanɗanon farko ba, ko na biyu, ko na uku.

Ƙurunƙus kan ɗan tsinke. Wanda duk zai kafa wa iyalinsa doka a bakin faranti, ya fara leƙa kan rimi ya ga wa ke zaune.