Birnin da Aka Hana Mutuwa

A zamanin da, tun ana kai saƙo da ƙafa, an yi wani sarki ana ce masa Jatau. Babban birninsa ya tsufa ya cushe, ga shi can a gefen ƙasa, har mai ƙara daga arewa kan cinye guzurinsa kafin ya iso fada. Rannan Sarki ya tara fadawa ya ce, "A gina mini sabon birni a tsakiyar ƙasa, inda ba wanda zai ce ya yi masa nisa. Kuma ina son birni marar aibu." Ya danƙa aikin a hannun Waziri Tunau.

To, Waziri Tunau, a faɗi gaskiya, gwani ne. Ya zaɓi fili a gindin wani babban dutse, ya kori manoman da ya tarar zuwa bayan dutsen, ya sa aka ja igiya. Aka fitar da hanyoyi masu faɗi, raƙuma su gifta juna da kaya ba su gogu ba. Majema da marina ya kai su inda iska ke ɗauke wari, kowace unguwa da rijiyarta, kowace ƙofa da masaukin baƙi. A ƙofar fada kuwa ya bar makeken fili, ya dasa dabino da lemo.

Sarki ya tare, jama'a suka biyo shi. Cikin waɗanda ya taho da su har da Iya Marka, tsohuwar da ta goye shi tun rasuwar mahaifiyarsa, wadda duk duniya ita kaɗai ke kiran sunansa gatsal. Baƙi suka dinga tuɗaɗowa kallo, wasu su hau dutse don su ga birnin daga sama. Can sai magana ta bazu cewa tun da aka kafa garin ba a taɓa ganin gawa a cikinsa ba. Maroƙa suka sa masa suna Birnin da Ba a Mutuwa. Sarki ya ji daɗi ƙwarai, ya ɗauka albarkar wurin ce. Kai, sarauta da son yabo!

Ana nan sai tari ya kama Iya Marka. Ba a jima ba Sarki ya shiga gaishe ta ya tarar da ɗaki wayam. Waziri ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, kewar dangi ce ta dame ta, ta koma tsohon birni." Ran Sarki ya sosu, a ce Iya ta tafi ko sallama babu, amma ya haɗiye.

Al'adar fada ce duk babban baƙo idan zai tafi a tambaye shi aibun da ya gani, kowa kuwa cewa yake babu, ya karɓi riga ya wuce. Sai aka zo kan wani madugun fatake, Cindo, dattijon da ya ga garuruwa. Sarki ya ce, "Madugu, me ka gani?"

Madugu ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, abin da na gani ya fi gaban yabo. Abin da ban gani ba ne ya hana ni cin abinci. Ban ga furfura ba sai tawa. Ban ji tari ba. Ban ga kabari ba."

Waziri ya yi caraf ya ce, "Ai albarkar ke nan da ake faɗa."

Madugu ya ce, "Waziri, annabawa ma sun mutu. In Sarki na son amsa, ya yi tari a kasuwa ya gani."

Sarki ya sallami kowa, yana tuna tarin Iya.

Washegari da hantsi ya shafa toka a gemu, ya sa tsummar riga, ya sulale ya zauna a bakin kasuwa, ya shiga tari. Wallahi bai rufe baki ba mutane suka watse daga gefensa. Wata mai fura ta ce masa ƙasa-ƙasa, "Baba, don Allah danne shi!" Ina, yaran Waziri sun riga sun ji. Suka sunkuce shi suka ɗora a jaki, suka lulluɓe shi da buhu, suka fita da shi ta wata 'yar ƙofa da shi kansa bai san da ita ba, suka jibge shi a bayan dutse suka juya.

Da ya yaye buhun, sai ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!" Ga bukkokin zana birjik, ga tsofaffi da marasa lafiya kwance, ga kaburbura jere har inda ido ya tsaya. Matan manoman nan da aka kora su ne ke bi da ƙwaryar kunu suna ba su a baki. Wani tsoho ya gaya masa cewa duk wanda aka kawo nan, ana yi wa iyalinsa kashedi: wanda ya yi kuka a cikin birni, gidansa ya tafi.

Sarki ya bi bukka-bukka, har ya sami Iya Marka a kan wata yagaggiyar tabarma, ta rame ta ƙare. Ya durƙusa ya ce, "Iya."

Ta buɗe ido da ƙyar, ta dube shi cikin tsumma da toka, ta ce, "Wayyo Jatau, kai ma sun yar da kai? Matso, ɗana, tabarmar ta ishe mu." Ta shiga jan jiki tana ba shi wuri.

Sarki ya fashe da kuka. Ya ɗauke ta ya goya a bayansa, ya nufi babbar ƙofa da ƙafa, manoma na biye. Masu gadi suka gane shi, suka zube. Tana bayansa ta ce, "Ka binne ni kusa da kai, kar ka mai da ni can." Kafin su kai ƙofar fada ya ji hannunta ya saki wuyansa.

Aka kawo Waziri gaban jama'a. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ka ce birni marar aibu. Sunan nan shi ke kawo baƙi."

Sarki ya ce, "Na faɗa, kuma na sha yabo ban tambaya ba, wannan nawa ne, zan amsa shi gaban Allah. Amma kai, Tunau, ka ja wa jakuna igiya ka ba su turke, ka hana bayin Allah inda za su kwanta. Cire rawanin. Ga fartanya."

Nan cikin lambun dabinon da yake alfahari da shi, Tunau ya haƙa kabarin farko da hannunsa, kuma Sarki ya yanke cewa shi ne mahaƙin kabarin birnin har ƙarshen ransa. Aka kwaso marasa lafiya aka mayar da su gidajensu, aka ba manoma unguwa a cikin ganuwa da gonakinsu. Tun daga lokacin, duk baƙon da ya zo kallo, kabarin nan ake fara kai shi kafin a hau da shi dutse.

Da aka rufe Iya Marka, Sarki ya sa sankira ya yi shela cewa mai kuka ya yi kukansa, ba mai taɓa gidansa. Da farko ba wanda ya yarda. Can sai mai furar nan ta ɗora hannu a ka ta kira sunan mijinta. Sai wani ya kira na uwarsa. Jama'a, birnin nan kaf ya ɗauka, unguwa-unguwa, kowa na kiran nasa, har baƙin da ke kan dutse suka sauko a guje suna tambayar wace annoba ce ta faɗo yau. Madugu Cindo ya share hawaye ya ce musu, "Ba ta yau ba ce. Yau dai aka ba su izini."