Hukuncin Dagaci Barau a Kan Injin Ilu

An ce wai a garin Rafin Kanya an yi wani dagaci mai suna Barau, mutum mai jinkirin magana. A zamaninsa taransifomar garin ta addabi jama'a. Sau huɗu a wata guda fiyus ɗinta yana ƙonewa. Mutane suka ɗora laifin a kan Ilu mai niƙa, suka taru a ƙofar dagaci rana tsaka, suna ihu a tumɓuke injinsa.

Ilu ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, da injin nan nake ciyar da mutum tara. In aka cire shi, na shiga uku."

Dagaci ya dubi Gambo, tsohon mai gyaran wuta, ya ce, "Yaushe fiyus ɗin ke ƙonewa? Ana cikin niƙa?"

"A'a, Allah ya ba ka nasara, daidai lokacin da aka dawo da wuta ne. Ita taransifoma, a ƙiftawar ido ta farko takan zuƙi ninkin-ba-ninkin abin da ta saba, kamar mai buɗa baki ya samu ruwa. In ta tarar da kaya a kunne, abin ya yi mata yawa. Ga shi yau ma ya ƙone, fiyus ɗaya ya rage mini."

Dagaci ya juya ya dubi taron. Ya ce, "Wanda ya kashe makunnin gidansa da aka ɗauke wuta jiya, ya ɗaga hannu."

Wallahi hannu ɗaya ne ya tashi, na Ilu! Don al'adar garin ce a bar komai a kunne, firji da fanka da famfon rijiya, kowa na son ya riga maƙwabcinsa sanin an kawo wuta.

Dagaci ya sa kowa ya koma ya kashe nasa. Gambo ya saka fiyus na ƙarshe. Taransifoma ta yi gurnani, ta lafa. Aka riƙa kunnawa layi-layi, da ɗan tsaiko tsakani. Daga ƙarshe dagaci ya ce, "Ilu, tada injinka."

Inji ya ɗauka, wuta ba ta ko girgiza ba. Ilu ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka.

Dagaci ya ce, "Kun zo in kori mutum ɗaya, ashe shi kaɗai ne bai yi laifi ba. Daga yau kowane layi ya jira lokacinsa."

Masu hankali suka ce: nauyin da jama'a suka ɗora a lokaci guda, kada a nemi mai laifinsa a gida ɗaya.