Barmo da Tsibirin da Ya Tashi

A zamanin da dorina ta fi mutum yawa a bakin Tafkin Cadi, an yi wani maharbi daga yamma ana ce masa Barmo. Kirarinsa shi ne: Barmo na Tabawa, mai barci da ido ɗaya, kibiyarka ba ta dawowa da ƙishi! Jarumi ne, amma yana da ciwo guda, bai yarda da kowa ba. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya shafa kwarinsa ya ƙirga kibau.

Da ya iso da matarsa Tabawa, ya tarar da ruwa iya ganin ido, ba gishiri, ba gaɓa ta biyu, sai tsibirai da dogayen ciyayi. Wani masunci mai suna Kolomi ya ɗauke su a kwalekwalensa, ya ce su sauka a tudun danginsa. Barmo ya ƙi. Wannan kirki haka kawai, me ake nema? Ya nuna wani tsibiri kore da ba kowa a kai.

Kolomi ya ce, "Baƙo, wannan ba ƙasa ba ce. Ciyawa ce ta sarƙe a kan ruwa."

Barmo ya buga ƙafa, ya ji tauri, ya ce nan ɗin dai. Suka kafa wa Tabawa bukka. Da za su tafi farautar dorina shi da Kolomi, ya hango masuncin yana yi wa matarsa magana ƙasa-ƙasa. Ya haɗiye abin, amma bai wuce masa ba.

Kwana uku suka yi, iskar gabas tana kaɗawa. Da suka dawo, ba bukka, ba tsibiri, ba Tabawa, sai ruwa shimfiɗe kamar tabarma.

Kolomi ya ce, "Nan ne. Iska ta tafi da shi."

Barmo ya ɗana kibiya mai dafi, ya saita ƙeyarsa. "Ƙasa ce take tafiya, ko danginka ne suka zo? Me ka raɗa mata? In rana ta faɗi ban ga matata ba, kadoji za su ci ka."

Masuncin ya jefa kara a ruwa, ya ga inda ya nufa, ya bi shi yana tura kwalekwale da gora. Duk lungun da suka shiga, Barmo gani yake nan aka yi masa kwanto. Tsuntsu ya tashi, ya ce alama ce aka ba wani. Hannunsa ya gaji da jan tsarkiya, ga shi bai taɓa rasa inda Tabawa take ba sai yau.

Rana ta yi ja, saura kaɗan ya saki, sai ga hayaƙi fari can cikin ciyayi. Tsibirin ya tsage, abin da ya rage bai fi shimfiɗar mutum uku ba, ruwa har idon sawun Tabawa. Tana tsaye tana fifita wuta a cikin tsingaro.

Ta ce, "Maigida, sauke bakan nan. Bawan Allahn nan ne ya ce mini in na ga gaɓa tana nisa, in riƙa sa ɗanyar ciyawa a wuta. Da ta taka ce, da yanzu kifi ya gama da ni."

Kunya ta rufe Barmo. Ya kwance tsarkiyar, ya miƙa wa Kolomi, ya ce, "Kai mu inda ka ce tun farko."

A gefen tudun masunta ya kafa gari, wanda ake kira Tudun Barmo. An ce har yau jikokinsa ba sa shiga kwalekwale da baka a ɗaure. A bakin ruwa suke kwance tsarkiya su ba mai tuƙi ya riƙe, ko da jiya suka fara ganinsa.